Ramin da ke Bayan Kantar Inna

Hadiza ce ta jawo wannan babin. Ranar da aka kawo kayan sa ranarta ta shigo ɗakina da goro a faranti, ta zauna a bakin gado tana wasa da gefen mayafi, ta ce,

"Baba Tsoho, don Allah in tambaye ka. Wai mi Babanmu ya yi maka? Tun da kuka zo gidan ga ba mu taɓa ganin kun zamna tabarma ɗaya ba."

Na ce mata ke da kika guje ni kika samo saurayi, ina ruwanki da zancen gidana? Ta yi dariya ta fita, amma maganar ta zauna mini a ciki. Ashe haka ku jikokina kuke gani, wai akwai wata jiƙaƙƙa tsakanina da ubanku. To babu. Wanda ke son ya san abin da ke tsakaninmu, ya shigo ya sauke babban kwanon nan mai ruwan bula da ke tsakiyar kantar kakarku Inna, ya duba bangon da ke bayansa. Zai ga rami toshe da tsumma. Ni na huda shi, kuma labarinsa zan ba ku.

Ku a Kankara kuka buɗe ido, ba ku san ni ina mutum ba. A ƙauyenmu da ke cikin dajin Sabuwa ni manomi ne mai rumbu uku, kuma duk ɗakin da ke gidana hannuna ne ya kwaɓa ƙasarsa ya ɗora. Bangonmu na can kauri gare shi, sai ka zura hannu har gwiwa ba ka ɓulla ba. In mace tana son wurin ajiya sai ka fafe mata alkuki a jikin bango, in maratayi take so ka feƙe icce ka buga, ya zauna har jikoki. Shekarar da mutanen daji suka hana mu barci muka fito da abin da hannu zai iya ɗauka. Ni na ɗauki buhun dawa. Inna kuwa ta juye kwanukan jerenta cikin buhun taki, na aurenta da waɗanda ta tara da kuɗin ƙuli, ta ce ko za a bar ta a hanya ba ta barin su. Haka muka biyo ta Faskari muka wuce Sheme a bayan wata mota, kwanukan nan suna ta kuka a kowane rami, mutane suna harararmu.

Ƙofa ɗaya ce muke da ita a duniya a lokacin, gidan uwarku. Ita ce 'yar farina, wadda har yau bakina bai taɓa furta sunanta ba. Mijinta kuwa, wato ubanku, tun da ya aure ta in muka haɗu a hanya takalmi yake cirewa ya tsuguna, ni kuma in kama kallon sama kamar mai duban hadari, mu gaisa a gurguje kowa ya kama gabansa. Haka muka tarar ana yi tsakanin surukai, haka kuma muke jin daɗinsa. Sai ga shi yau na sauka da buhu a zaurensa, ba ziyara ba, zama. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ai ya fi wutar zafi. Ya ba mu ɗakin da ke manne da nasa, bango ɗaya ya raba mu.

Ban taɓa ganin canji a fuskar ubanku ba, kada wani ya ce na faɗa. Ciwon a jikina yake. Kafin in fito tsakar gida sai na yi tari, don in yana nan ya samu ya kauce. Shi ma kafin ya shigo daga shagonsa na taki da iri sai ya daɗe yana sallama a zaure. Bayi ɗaya ne a gidan, na sha riƙe kaina tun hantsi har azahar don kada mu yi karo a ƙofarsa. In aka kawo tuwo na san hatsinsa ne, sai loma ta tsaya mini a wuya. Na koma wuni a gindin bishiyar masallaci, ina jan carbi ba don yawan ibada ba, don kawai ba ni da inda zan sa kaina. Ina jin masu wucewa suna cewa ai surukin mai taki ne, ɗan gudun hijira. Ni da ake zuwa awon hatsi a ƙofar gidana.

Da bazara ta kama, mutanen ƙauyenmu da suka warwatsu suka fara aiko da saƙo cewa za a koma a yi shuka, wai an samu lafawa. Na ji kamar an sauke mini dutse. Na shigo na gaya wa Inna. A lokacin ƙafafunta sun kumbura, daga ɗaki zuwa madafa sai ta dafa bango. Buhun kwanukanta yana nan a kusurwa yadda muka zo da shi, ko bakinsa ba ta kwance ba. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce,

"Malam, kwanukan ga sun gaji da buhu."

Na ce, "To ki fiddo su mana."

"In aje su ina, ƙasa? Ka kahwa mani kanta in jera abina, in san na zamna. In kuwa ba ka kahwawa, su yi zamansu cikin buhu, ranar da za ka tahi ƙahwata ƙahwarka. Ni dai ba a bari na gidan ɗiya kamar tsohon turmi."

Mun yi zaman da na san in ta ce ƙafarta ƙafata, to ko da rarrafe sai ta bi ni. Na kuma san in aka sake cewa a gudu cikin daji, waɗannan ƙafafun ba za su kai ta bakin rafi ba. Kanta dai katako ne a jikin bango, amma ni da ita mun san abin da ake nufi. In ta hau bango, gona ta tafi ke nan.

Na ce zan yi. Amma na rantse a raina ba zan buɗe baki in roƙi suruki ya kira kafinta ba. Na ci nasa, na sha nasa, na kwana a ɗakinsa, to ko abu ɗaya ne a samu a gidan nan wanda za a ce hannuna ne ya yi. Matsalar ita ce ban taɓa riƙe zarto ba. Akwai wani kafinta a bakin kasuwa, Ɗanjuma, mutumin Ketare. Na mayar da zamana inuwar rumfarsa, ina yi kamar hutawa nake, alhali idona yana kan hannunsa. Da ya gane sai ya ce,

"Baba, kallon ga naka ba na mai hutu ba ne. Mi kake son ka yi?"

Na faɗa masa ina sunkuyar da kai, kamar mai neman aure. Bai yi mini dariya ba, Allah ya yi masa albarka. Ya zaɓo mini katako biyu cikin ragowar aikinsa, ya ara mini tsohon zarto da guduma, ya nuna mini yadda ake haɗa ƙafar kanta: guntu ɗaya ya kwanta a bango, ɗaya ya miƙe ya ɗauki katakon, na uku ya tokare su ta ƙasa. Ya ce in riƙa ja da fensir kafin in yanka, kuma zarto ba adda ba ne, ba a yi masa ƙarfi, lallaɓa shi ake yi ya ci da kansa. Abin da bai faɗa mini ba, don bai zaci akwai mai rai da bai san shi ba, shi ne yadda bangon bulo yake.

Sai ubanku ya fita shago nake fiddo kayan daga ƙarƙashin gado. Yankan farko ya tafi a karkace kamar kunyar da makaho ya yi. Na biyu na danne da ƙarfi, zarto ya yi tsalle ya ci mini babban yatsa. Ga tef ɗin awo Ɗanjuma ya ba ni, amma ni da taƙi na saba, sai in auna da hannu in manta ko da wane hannun na fara. Inna tana zaune tana tsinkar zogale, ba ta cewa komai sai "sannu kafinta", ni kuwa sannun nan ta fi zagi ciwo. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ni ga ni busasshe ina koyon abin da yara ke yi suna waƙa. A hankali dai ƙafafu suka haɗu. Ba su da kyau, amma na hau kansu na tsaya ba su motsa ba, na ji wani ɗan daɗi da na daɗe ban ji ba.

Saura kafawa. Na ɗora ƙusa a bango na buga, ta lanƙwashe. Na sa wata, ta lanƙwashe. Sai da na tara lanƙwasassun ƙusoshi cike da tafin hannu, bango ko gezau, sai ɗan farin shafe da ke zubowa. Raina ya ɓaci. Na ce yau ni bango zai gagara, ni da na gina gida? Sai na koma wa abin da na sani. Na feƙe turaku na icce, na samo guntun rodi mai tsini, na ce in fafe rami mai zurfi in cusa turke yadda muke yi a gida, in ya so in buga ƙusata a jikin iccen. A zatona bangon birni ya fi namu kauri, tun da ya fi namu tauri. Ashe bulo fanko ne, fata ce nan, fata can, tsakiya iska. Kuma ranar Juma'a ce, na sha'afa cewa ubanku yakan rufe shago da wuri ya dawo ya yi wanka. Ko sallamarsa ban ji ba saboda bugu.

Na buga, rodi ya shige da sauƙi har na yi murna. Na ƙara masa ɗaya mai kyau. Sai na ji hannuna ya tafi gaba ɗaya, na ji wani abu ya zube ta can, haske ya shigo ta inda bai kamata ba. Maimakon in ja da baya, wauta ta sa na kai ido. Ga gadon 'yata da labulensa. Ga ubanku tsaye, daga shi sai tawul, da kwalbar man shafawa a hannu, garin siminti a kan gashinsa. Idona cikin idonsa.

Ban san iya lokacin da muka ɗauka a haka ba. Sai na ga ya ɓace daga ramin, ashe tsugunawa ya yi yadda ya saba. Daga can ƙasa na ji muryarsa.

"Barka da aiki, Baba."

Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige na ja ta na rufe. Na saki rodi, na fita ko hula babu. Ban yi Juma'a a masallacin unguwa ba, na tafi can wani inda ba a san ni ba, na tsaya a sahun ƙarshe cikin rana. Abin da ke yawo a kaina shi ne, mutum ya ba ka ɗaki ka fasa masa bango, ka leƙa makwancinsa da 'yarka. Wa zan gaya wa kuskure ne? Daga masallaci na zarce tasha, na tambayi motar da mutanenmu za su bi, aka ce jibi. Na ce a riƙe mini wurin mutum biyu.

Da na dawo na tarar Inna ta cusa tsumma a ramin. Na ce ta ɗaure kayanta, jibi za mu tafi. Na zaci za ta yi gardama, da ta yi ma da na ji sauƙi. Sai kawai ta ce to. Ta dafa bango ta miƙe, ta ja ƙafa zuwa kusurwa, ta sunkuya tana ƙara ɗaure bakin buhun da ba a taɓa kwancewa ba. Ina ganin yadda take cije leɓe. Na kau da kai, don na san abin da nake shirin yi mata, kuma kunya ta fi ƙarfina.

Washegari da hantsi ina ɗaki, na ƙi fita, ina jiran in ji fitar babur ɗin ubanku. Shiru bai fita ba. Can sai na ji shi a tsakar gida, daidai tagarmu, ya kira uwarku da sunan nan da ba na faɗa. Ubanku mutum ne mai magana ƙasa-ƙasa, amma ranar kamar mai shela.

"Kin san bulon ga na zamani, ciki rami ne. Ƙusar katako ba ta shigar shi, sai ƙusar kankare, baƙar nan. Kuma ba ko'ina ake bugawa ba. Mutum shi ƙwanƙwasa da ɗan yatsa shi saurara. Inda ya ji hwanko shi wuce, inda ya ji tauri, nan ne layin siminti tsakanin bulo da bulo, nan ƙusa ka zamna."

Uwarku ta ce, "To ni mi zan yi da wanga karatu, kafinta zan zama?"

"Ke dai ki riƙe, ilimi ne. Kuma mai bulon ga ya cuce ni, yashi ne zalla, ko kaza ta caka sai shi hwashe. Na daɗe da sani."

Ƙarya yake yi, bulon nan ya lanƙwasa mini ƙusa cike da hannu. Na zaci ya gama. Sai muryarsa ta sauko, amma ba yadda ba zan ji ba.

"Na ji an ce an kama wuri a mota. Ki hwaɗa ma Inna, ni ban san ubana ba, ina goye ya rasu. Ban taɓa jin tarin dattijo cikin gidana ba sai bana. In suka tahi, ban san da wane ido zan dubi mutanen unguwa ba, a ce gidana ya kasa riƙe su. Ni kunyar a kaina take."

Na ji ya ajiye wani abu a bakin ƙofarmu, na ji tashin babur. Inna tana kallona, ni ina kallon ƙasa. Duk tsawon zaman nan ina ɗauke da kunyata kamar ni kaɗai Allah ya ɗora wa, ban taɓa tunanin cewa ta bayan bangon akwai mai ɗauke da irinta ba. Na ɗaga labule. Ƙullin leda ne, da baƙaƙen ƙusoshi a ciki.

Na tsaya a gaban bango ina ƙwanƙwasawa kamar mai sayen kankana. Nan fanko, nan fanko, sai na ji wani wuri ya amsa da tauri. Na ɗora baƙar ƙusa na buga a hankali, ta shiga tana ƙara, ta zauna daram. Da na ɗora katako Inna ta ce in dakata. Ta ciro goro daga bakin zaninta ta ajiye a tsakiya, goro ya gangara ya faɗo ƙasa.

"Malam, wagga kanta ko gangaren rafi?"

Ranar ce na fara jin dariyarta tun fitowarmu. Na cire ƙafar kantar ɗaya, na ɗora kwano da ruwa a kan katakon, ina ɗagawa ina saukewa har ruwan ya kwanta daidai da bakin kwano, sannan na ja layi na sake bugawa. Ta biyu ba ta ba ni wahala kamar ta farko ba. Inna ta kwance buhu da kanta. Ta wanke kwanukan nan ɗaya bayan ɗaya, tana miƙo mini tana faɗin inda zan sa, manya a ƙasa, ƙanana a sama. Babban mai ruwan bula ta ce a jingine shi a tsakiya, daidai kan tsumman. Da muka gama ta koma bakin gado ta zauna tana kallo, ta ce, "Yanzu na zo Kankara."

Mota ta tafi ba mu. Ba zan yi muku ƙarya in ce waɗanda suka koma sun yi nadama ba. Wasu sun sha wuya, wasu kuwa sun yi noma sun cika rumbu, har suka aiko mini da dawa a ƙwarya, na karɓa ina jin kamar sadaka. Gonata wani ɗan ɗan'uwana ke nomawa, ɗakunan da na gina damina ta kwantar da su. Ban sake riƙe garma a ƙasar da take tawa ba. Har yau in aka ce surukin mai taki sai na ji abin ya soke ni, kuma har yau tuwon gidan nan ba ya wuce mini sai da ruwa. Abin da na samu shi ne Inna ta yi damina biyu tana kwana tana tashi a gaban jerenta, a kan gado ta cika, da 'yarta a gefenta, ba a bakin rafi ba. Na kuma kafa kantoci a gidajen unguwar nan da dama, kuna gani, ba wadda goro ya gangara a kanta.

Ramin kuwa ba wanda ya toshe. Na sha cewa zan samo siminti, shi ma na ji ya sha faɗa wa uwarku zai kira magini. Ta wajensa kalanda ya rataya. Bayan an share makokin Inna, wata safiya ina zaune ni kaɗai, ɗakin ya yi mini faɗi, sai na ji ƙwas-ƙwas a bango daidai bayan kwanon nan. Na kasa kunne. Aka sake. Sai na miƙa hannu na ƙwanƙwasa ni ma. Na ji tashin babur. Tun daga ranar bai taɓa fita shago bai ƙwanƙwasa ba, ni ma ban taɓa ƙin amsawa ba. Wannan ƙarar da kuke ji da safe kuna cewa ɓera ya shiga jeren Inna, har kuka sa tarko, to mu ne.

Ga amsarki, Hadiza. Tabarma ɗaya dai ba za ki gan mu a kai ba, ba a yi mu haka ba. Amma ina da roƙo ɗaya gare ku duka. Ranar da kuka ji ya ƙwanƙwasa aka yi shiru, ya sake aka yi shiru, kada ku tsaya jiran ya shigo ya duba. Na san halinsa. Takalmi zai cire ya tsuguna a bakin ƙofa yana ta sallama har rana ta take. Wani a cikinku ya zo ya ɗaga masa labulen.